Waƙar "Malam Aljihu Mai Mata Uku": barkwanci ne ko zambo?

Dan_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alƙalai nake nema. Daren Juma'a muna zaune wajen mai shayinmu a Samaru, wani abokinmu ya ciro waya ya karanta mana waƙar da ya rubuta kan na'urorin gem, wato PlayStation ta Sony da Xbox ta Microsoft da Nintendo. Kafin ya kai ƙarshe wani daga cikinmu ya ajiye shayinsa rabi, ya hau mashin ya tafi, har yau bai dawo majalisa ba. Na nemi izinin mai waƙar ya ce in saka. Ga ta:

Malam Aljihu mai mata uku,
Kullum gidansa ana hayaniya.

Uwargida Sony Hajiya babba,
Farin mayafi, ga tsawo kamar hasumiya.

Sadakinta kaɗai ya sayi fili,
Ka biya ka koma cin tuwo ba miya.

Amarya Xbox baƙar firinji,
Ba ta da nata sai tufafin haya.

'Ya'yan da ta haifa da cikinta ma,
Sun koma kwana ɗakin kishiya.

Iya Nintendo ta girme su duk,
Mai gashin baki take goyo a baya.

Kayanta ba ragi ko sun tsufa,
Na bara farashin bana, ba kunya.

Sega kuwa an sake ta tun tuni,
Tana musu girki suna biya.

Ni mai waƙar ba ni da ko ɗaya,
Ludo nake bugawa cikin waya.

Tambayata, wannan barkwanci ne da kowa zai yi dariya ya wuce, ko zambo aka shirya wa mutanen Xbox aka fake da sauran? Don wanda ya yi fushin cewa ya yi an shafa wa Sony mai, an yi wa Nintendo wasan jika da kaka, ita kuwa Xbox an tsaga ta gida biyu.

YaroMaiFifa:
Baƙar firinji! Wayyo cikina. A ba mai waƙar nan lemo mai sanyi, ni zan biya.

Kore_Har_Abada:
Wa alaikumus salam. Ai ba sai an nemo alƙali ba, ku ƙirga da kanku. Uwargida an kira ta Hajiya babba, fara, doguwa. Wannan kirari ne. Aibinta ɗaya tak, wai tsada, kuma a ƙasar nan ka ce mace sadakinta ya sayi fili ai yabo ne. Amarya fa? Baƙa, firinji, ba ta da sutura, 'ya'ya sun gudu. Mari huɗu a baiti biyu. Mai waƙar ɗan Sony ne, ya daina ɓuya a bayan Ludo.

SarkinPad_TudunWada:
@Kore_Har_Abada mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Nuna mana ɗango ɗaya da aka yi ƙarya a ciki. Cikin wasannin Xbox, Sea of Thieves ya shigo PS5 a 2024, Forza Horizon 5 ya biyo baya a 2025, Gears of War ma ya zo. Forza fa, wanda kuka shekara da shekaru kuna mana gori da shi. Yanzu a falona yake kwana. In ba ɗakin kishiya ba, ɗakin wa?

Kore_Har_Abada:
To kai da ka sayi Forza ɗin, aljihun wa kuɗinka ya shiga? Duk mai buga Call of Duty a PlayStation yau Microsoft yake ciyarwa, tunda ta saye Activision Blizzard a 2023 kan kusan dala biliyan 69. Minecraft ma nata ne tun 2014. Yaron da aka aika ɗakin kishiya karɓo kuɗin cefane ba gudu ya yi ba.

YaroMaiFifa:
Kai! Wannan amsar ita ma baiti ce.

Bakano_A_SabonGari:
Ni abin da ya ba ni mamaki daban ne. Bazazzage ya rubuta waƙa kan mata har uku, kuma ko sau ɗaya bai ce "matana ya dawo" ba. Anya ba Bakano ya duba masa ba kafin ya fitar?

Dan_Samaru:
Bawa dai bawa ne. Ana maganar ilimi ka shigo da surutun kasuwa. Je ka auna hatsi, in mun gama ma kira ka.

Bakano_A_SabonGari:
Ranka ya daɗe ai ni na sayar muku da gem ɗin da kuke faɗa a kai.

Malam_Aruli:
Bari in ce wani abu kan ainihin tambayar, don na ga an fara tafiya Kano.

A al'adar waƙarmu, habaici shi ne ka yi jifa ba ka kama suna ba, wanda ya tsargu ya san da shi ake. Zambo kuwa siffanta mutum ake yi ƙiri-ƙiri a muzanta shi, yawanci ta halittarsa ko halinsa, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa masu ja da ubangidansu. To amma zambon fada yana da uban gida. Ana kushe wani ne don a ɗaga wani. A waƙar nan wa aka ɗaga? Na duba ban gani ba. Wanda ya fi kowa shan kashi ma shi ne maigidan, Malam Aljihu, wato mu masu saye. Shi aka bari da tuwo ba miya, shi ke biyan haya kowane wata, shi ake sayar wa kayan bara da farashin bana. Don haka ni a wajena barkwanci ne da aka yi da kayan aikin zambo.

Inda nake da gyara shi ne kari. Amsa-amon "ya" ya riƙe shi daga farko har ƙarshe, madalla. Amma "Kullum gidansa ana hayaniya" gaɓa 11 ce, shi kuwa "Farin mayafi, ga tsawo kamar hasumiya" 14. In ka rera za ka ji numfashinka ya ƙare kafin ka kai hasumiyar. Da ya ce "Farin mayafi, tsawon hasumiya" da ya zauna daram.

Kore_Har_Abada:
Malam, da girmanka, amma ka lura ɗangon da ya fi kowanne tsawo na yabon Sony ne. Ko karin ma son kai ya yi.

Ummi_Gyallesu:
Ni dai na yi dariya, ba zan ɓoye ba, musamman wajen mai gashin baki a goye, wato Mario na wasan Nintendo. Amma ina da ƙorafi. Me ya sa duk lokacin da namiji zai kwatanta rigima sai ya ɗauko kishiyoyi? Mu duba zauren nan. Tun da aka saka waƙar, su wa ke ta hayaniya? Mace nawa kuka ga ta bar shayinta ta hau mashin saboda an taɓa akwatin wasa? Da ya ce Hajiya Jaka mai samari uku, da ya fi kusa da gaskiya.

Maman_Biyu:
Faɗa musu dai 'yar'uwa. Maigidana da ƙaninsa sun yi wata guda ba sa gaisawa sosai kan wasannin ƙwallo na Fifa da Pes. Ni da abokiyar zamana kuwa tare muke zuwa kasuwar Tudun Wada.

SarkinPad_TudunWada:
Anti a yi haƙuri, an taɓa mu mun ji. Amma Fifa da Pes ai ba ƙaramar magana ba ce.

Tsohon_Sega:
Yara ku matsa in zauna. Ni ƙorafina kan tsarin gidan ne. Ta yaya Sony ta zama uwargida? Nintendo an kafa ta a Kyoto tun 1889, katin wasa take bugawa a lokacin. Turawa ba su ma ci Zazzau ba sai 1902. Famicom ta Nintendo ta fito 1983, Mega Drive ta Sega 1988, PlayStation ta farko sai Disamba 1994. Xbox kuwa 2001, jaririya ce.

Kuma akwai labarin da mai waƙar ya bari ya wuce shi, da ya san shi da ya samu baiti mafi daɗi. Sony da Nintendo an taɓa sa musu rana. Sun yi yarjejeniya Sony za ta ƙera wa Super Nintendo na'urar faifai. A 1991 Sony ta fito bainar jama'a ta sanar, washegari Nintendo ta ce ita da Philips za ta yi. An kai lefe an dawo da shi kenan. Haushin wannan ne ya sa injiniyan Sony Ken Kutaragi ya dage har Sony ta yi nata gem ɗin. Duk PlayStation da kuke taƙama da ita, fushin wanda aka fasa aurensa ce.

Maganar Sega kuwa ta yi min ciwo amma gaskiya ce. Tun da aka daina Dreamcast a 2001 ta bar ƙera na'ura, ta koma yi wa wasu wasanni. Mu da muka taso ana musu tsakanin Sonic na Sega da Mario na Nintendo kamar za a ba hammata iska, sai ga su a 2007 cikin wasa ɗaya suna tsere. Ranar na san duniya ba ta da tabbas.

YaroMaiFifa:
Baba Sega ya buɗe kundin tarihi. Allah ya ƙara lafiya Baba.

Dan_Samaru:
@Tsohon_Sega Baba, ina ganin ya duba wadda ke riƙe da makullin gida ne, ba wadda ta fara shigowa ba. A Zariya in yaro ya ce zai je gem, ai PS yake nufi.

Tsohon_Sega:
A zamaninku. Mu abin da muka fara gani shi ne wanda ake sa wa kaset, a rubuce wasa 9999 ne a ciki, in ka kunna ka tarar biyar ne ake ta maimaitawa. Da bindigar harbin agwagwa. In ya ƙi kamawa ka ciro kaset ɗin ka hura masa iska ka mayar. Yawancinsu ma ba na Nintendo na asali ba ne, kwaikwayo ne, amma Mario ɗin ciki dai shi ne. To wa ya fara shiga gidan?

MaiShagonGem_Kongo:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda abin nan ne tuwonsa. Shekarata goma sha ɗaya da buɗe shago. Na fara da PS2 guda uku, yanzu PS4 ne da PS5 ɗaya da nake lallaɓawa kamar ƙwai. A tsawon shekarun nan ban taɓa ganin yaro ya shigo ya tambaye ni Halo na Xbox ba. Ƙwallo, ƙwallo, sai Mortal Kombat, sai ɗan GTA in ba layi. Na taɓa sa Xbox ɗaya a kusurwa. Ƙwallon iri ɗaya ce, hoton iri ɗaya, amma sai ta wuni ba wanda ya zauna. In na ce ga wuri can, sai yaro ya ce shi hannunsa bai saba ba, wai ina alwatika, ina da'ira, irin na maɓallan hannun PS. Ya gwammace ya jira awa guda. Daga baya na sayar da ita.

Saboda haka wannan yaƙin da ake yi a intanet, na Amurka ne da Turai. Mu nan yaƙinmu na gaskiya uku ne: Fifa da Pes, Madrid da Barca, sai wa zai biya in an ci shi. Yanzu ma sunayen sun canja, ɗaya ya zama FC tun 2023, ɗaya eFootball tun 2021, amma har gobe yara Fifa da Pes suke cewa. Manya kuma har yanzu akwai masu ce wa Pes Winin.

Na karanta wa yaran shagona waƙar jiya. Sun yi dariyar tuwo ba miya, sun yi ta firinji. Da na zo kan Sega sai wani ya ce, Oga wace ce Sega?

Tsohon_Sega:
Inna lillahi. A turo min yaron nan.

Kore_Har_Abada:
@MaiShagonGem_Kongo Oga ai ka faɗi magana da bakinka. Sabo ne, ba inganci ba. PS2 ta cika gari saboda ana sa mata cif ta karɓi faifan kwafi mai araha, yara suka taso da hannunta, shi kenan. Ba wanda ya zauna ya gwada ya zaɓa.

SarkinPad_TudunWada:
Xbox 360 ma ai an yi mata wannan aikin, me ya hana ta cika garin? Kuma PS2 Sony ta ce ta sayar da sama da miliyan 160 a duniya, ba a taɓa na'urar gem da aka saya kamarta ba. Duk cif ɗin Sabon Gari ne ya sayar da su?

Injiniya_PZ:
Ni mai gyara ne, kowacce ta zo teburina tsirara, don haka ba wadda nake jin kunya. Mai waƙar ya ma yi wa Xbox sassauci. Bai taɓo jan zobe ba. Waɗanda suka san 360 na farko sun san fitilu uku ja da ke kamawa a jikin maɓallin kunnawa, in ka gan su an gama. Sai da Microsoft ta amsa matsalar a 2007, ta ƙara garanti zuwa shekara uku, abin ya ci mata sama da dala biliyan ɗaya. Bai kuma taɓo 2013 ba, lokacin da aka ce Xbox One sai ta leƙa intanet kowace awa 24, aka sa ƙa'ida kan ba da aron faifai, ga ta dala 499 PS4 na 399. Sun janye dokokin kafin ta fito, amma an riga an sha su.

Ita ma Hajiya babba an rufa mata asiri. PS3 ta fito 2006, babbar a dala 599, duniya ta yi ta dariya. A 2011 aka yi wa PSN, hanyar intanet ta PlayStation, kutse, asusu miliyan 77, aka rufe sama da mako uku ba mai buga wasa da wani ta intanet. Iya ma ta taɓa faɗuwa warwas da Wii U, wadda ba ta wuce miliyan 13 da ɗoriya ba.

Amma in kun tambaye ni, abin da ke kashe su a garin nan ba ya duba suna. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafin bazara ya dafa ta, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone ta. Na sha buɗe na'ura in tarar da gidan kyankyasai a ciki. Ku riƙa ɗaga ta daga ƙasa, ku daina rufe ta da ƙyalle tana aiki, ku sayi sitabilaiza.

Maman_Biyu:
Injiniya Allah ya saka. Tamu a kan kafet take, yau za ta hau tebur.

Abban_Kwarbai:
Ni ban san gem ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don in riƙa ganin abin da suke ciki. Amma waƙa na san ta. Abin da ya dame ni, baiwa irin wannan a ƙare ta kan akwatin wasan yara. Garin nan an san shi da malamai da sha'irai masu wa'azi da faɗakarwa. Ga matsaloli sun yi mana katutu, tsadar abinci, shaye-shaye, rashin aiki. Kuma ko sunan Allah bai fara da shi ba, ba salati, kawai ya faɗa cikin mata uku.

Malam_Aruli:
@Abban_Kwarbai Allah ya ƙara girma Abba. Maganarka tana kan hanya ta wani ɓangare, amma a garin nan ai an taɓa yi wa keke waƙa lokacin da keke yake sabon abu, kuma manyan sha'irai ne suka yi. Waƙa ba ta taɓa ƙin abin zamani ba. Rashin buɗewa da basmala kuwa, ni ladabi na gani a ciki. Waƙar wasa ce, bai so ya haɗa sunan Ubangiji da firinji ba. Sannan ka sake duba baiti na uku. Matashi ya kwashe abin da ya tara ya sayi gem ya koma cin tuwo ba miya. In wannan ba faɗakarwa ba ce, mece ce?

Abban_Kwarbai:
To Malam, na ji wannan. Amma dai ya yi wata kan zuwa makaranta.

Bakano_A_SabonGari:
Abba ai ita ce matsalar, in ya yi ta makaranta mutum uku za su karanta. Wannan kuwa tun safe wayata ke ƙara.

Yar_Switch_Hanwa:
Ina ta jira in ga ko akwai ɗan Nintendo da zai yi magana, ashe ni kaɗai ce a garin. Baitin Mario bai ɓata min rai ba, gaskiya ne, tun 1981 yake kuma har yau ba a yaye shi ba. Na farashin ne ya soke ni don ba ƙarya a ciki, wasan da ya shekara biyar sai ka tarar kuɗinsa na nan inda yake. Amma ku da kuke raina Iya, Switch ɗinta ta 2017, mai batir da ake riƙewa a hannu, ta wuce miliyan 150. Ba ta shiga faɗan wa ya fi hoto mai kyau, tana gefe tana ƙirga kuɗi. Kuma ni kaɗai ce a zauren nan ke buga wasa a cikin motar Kaduna.

Kore_Har_Abada:
Tunda abin baiti ne, ni ma ga nawa:

Ka ce wa amarya mai kayan haya,
Kai ma ɗakin da kake ciki na haya ne.

YaroMaiFifa:
Yaya ina amsa-amon? Ya faɗi a hanya?

Malam_Aruli:
Ma'ana ta fita, kari ya karye, ƙafiya ta ɓace. Cire "ne" ɗin ƙarshe ko ka samu rabin maki.

Kore_Har_Abada:
Ku yi ta dariya. Amma maganar haya a tsaya a kanta. Game Pass tun 2017 yake, ka biya na wata ka buga wasanni ɗaruruwa. Ƙaramar Xbox, Series S, ta fito a dala 299 lokacin da PS5 mai faifai ke 499. Ɗalibi kamata wanne zai iya? Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Kuma PS Plus da kuke biya, shi gado ne? Ba haya ba ne?

SarkinPad_TudunWada:
Haya ne, amma mu muna da faifai. In na gama wasa in kai Sabon Gari in yi musaya in cika kuɗi kaɗan, ko in ba abokina aro. Series S ko ramin sa faifai ba ta da shi. Wasa ɗaya sai ya haura gig 100. Da wace datar za ka sauke ɗaruruwan? Ranar da kuɗin wata ya ƙare kuma a kwashe kayan a bar ka da firinji. Kayan aro ba ya rufe katara.

Kore_Har_Abada:
Series S ba ita ce firinjin ba, X ce. Ka san abin da kake zagi tukuna. Datar kuwa da dare nake saukewa.

Injiniya_PZ:
A nan Kore ya yi gaskiya. Kuma Microsoft da kanta ta karɓi tsokanar, har ƙaramin firinji na gaske ta fitar mai siffar Series X a 2021. Masu abin sun mai da shi wasa, ku kuna nan kuna fasa zumunci.

Dan_Samaru:
To mun dawo kan tambayata kenan. In masu kamfanin sun yi dariya, me ya sa mutuminmu ya bar shayinsa? Ni fa yanzu har ni yake jin haushi wai ni na fi kowa ƙyaƙyatawa.

Ummi_Gyallesu:
Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Amma ka duba, wataƙila ba Xbox ɗin yake karewa ba. Mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya saya, ya kawo majalisa yana murna, sai a ce abin da ya saya tufafin haya ne a gaban abokansa. Ba kamfanin aka taɓa ba, wahalarsa aka taɓa.

Kore_Har_Abada:
Anti Ummi ta gane. Ni kaina sai da na sayar da wayata na cika.

SarkinPad_TudunWada:
To mu da aka ce muna cin tuwo ba miya fa? Wallahi watan da na sayi tawa garin kwaki ya san ni. Amma ban hau mashin ba.

MaiLudo:
Salamu alaikum. Ni ne mai laifin. Dan_Samaru ya ce in shigo in kare kaina.

Na farko, rantsuwa ba kyau amma da gaske ba ni da ko ɗaya. A shagon unguwarmu nake bugawa, kuma an fi ci na. Na biyu, @Kore_Har_Abada ka ce mari huɗu, na koma na ƙirga, ka yi gaskiya. Dalili shi ne sunan ne ya wahalar da ni. Sony gaɓa biyu, ta shige ko'ina. Xbox in Bahaushe zai faɗa sai ya ce E-kis-bo-kis, na yi kwana biyu ina juya shi ya ƙi zama, haushin ya fita a kanta. @Malam_Aruli na karɓi gyaran hasumiya, na gode. @Tsohon_Sega Baba ban san labarin fasa auren ba, ka ba ni mako guda. @Ummi_Gyallesu Hajiya Jaka mai samari uku tana nan tafe, amma in maza suka kore ni daga majalisa ke za ki riƙa saya min shayi. @Abban_Kwarbai Abba in sha Allah ta makaranta ma za a yi.

Wanda ya tafi kuma, abokina ne tun firamare. Na je gidansu jiya, na same shi yana buga Forza. Ya ba ni hannu ɗaya muka buga, amma bai ce min uffan ba.

Bakano_A_SabonGari:
Wato ka je biko.

MaiShagonGem_Kongo:
@MaiLudo akwai wanda ka manta a gidan, kuma shi ne mai hukunci. Ka sa baitin wuta. Tun azahar aka ɗauke a nan, man janareta ya ƙare, yara goma na zaune suna kallon baƙin talabijin. Hajiya babba da kuɗinta ta zama kayan ado.

MaiLudo:
Oga ga shi, da zafinsa:

Da an ɗauke wuta gida ya yi tsit,
Iya kaɗai ke hira da dariya.

Yar_Switch_Hanwa:
Allahu akbar! Batir ya yi rana. Na yafe baitin farashi.

Kore_Har_Abada:
Kun gani ko? Yanzu kuma Nintendo aka ɗaga. Kowa an ba shi wani abu ya riƙe ban da amarya. @Malam_Aruli har yanzu kana kan cewa ba uban gida?

Malam_Aruli:
Yanzu kam na fara shakka. Bari mu ga baitin lefen tukuna.

SarkinPad_TudunWada:
@Kore_Har_Abada mu bar wa hannu ya raba. Asabar bayan la'asar a shagon Oga, ka zo da taka na'urar da naka hannun, wasa uku a taka uku a tawa. Wanda aka ci ya sayi tsire, kuma MaiLudo ya yi masa baiti.

Kore_Har_Abada:
Na yarda, amma ba ka ɗaukar Madrid.

MaiShagonGem_Kongo:
Ku zo da kuɗin mai lita biyu, ban ɗauki alkawarin wuta ba.